Bindigar kare gida da ta sokewa a ƙugu: abin da dokar Najeriya ta yarda da shi, da abin da ta hana

Duk lokacin da aka kai wani mummunan hari a Filato, maganar bindiga takan dawo ɗanya a Jos. A ƙarshen Disamban 2023, bayan hare-haren jajiberin Kirsimeti da suka ci rayukan sama da mutum 150, akasari a Bokkos da Barikin Ladi, an yi ta kiran a bar jama'a su riƙi makami. Babban Hafsan Sojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya fito ya ce bai goyi bayan haka ba, domin a ganinsa kira ne na a koma zaman kara-zube. Sai ga shi a Fabrairun 2025 shugaban hukumar tsaron farin kaya ta DSS, Adeola Oluwatosin Ajayi, ya faɗa a wani taro a Abuja cewa al'umma ce ya kamata ta zama shingen farko na tsaron kanta. Dukansu manyan jami'an tsaro ne a gwamnati ɗaya. Magidanci a Gangare ko Unguwar Rogo ko Bukur ba shi da laifi in ya rasa maganar wa zai kama.

Waya ma ta ƙara dagula lissafin. Bidiyoyin Amurkawa sun cika YouTube da TikTok, ana jera bindigogi a kan teburi ana kwatanta wadda ta fi dacewa da tsaron gida da wadda ta fi saukin ɓoyewa a ƙarƙashin riga. Mai kallo a nan sai ya ɗauka abin da ya rage masa shi ne zaɓi da kuɗin saye. Alhali a Najeriya doka ta riga ta yi wa farar hula zaɓin, ta kuma ƙuntata shi ƙwarai. Kuma abubuwa biyu ne ake haɗawa a baki ɗaya, 'yancin mutum ya kare kansa da izinin ya mallaki bindiga. Na farko kundin tsarin mulki ya ba kowa. Na biyu alfarma ce da hukuma ke bayarwa in ta ga dama.

## Rukuni uku da doka ta kasa bindigogi

Dokar da ke iko da wannan fanni ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka yi tun kafin samun 'yancin kai, take kuma aiki har yau da 'yan gyare-gyare. Ta kasa bindigogi kashi uku, kowane kashi da wanda ke da hurumin sa hannu a lasisinsa.

Kashi na farko shi ne haramtattun bindigogi. A nan aka sa igwa da roka da bam da gurneti da bindiga mai jigida, da bindigogin soja masu faɗin baki na milimita 7.62 da milimita 9 da makamantansu, wanda ya haɗa da AK-47. A nan kuma, abin da mutane da yawa ba su sani ba, aka sa fistol da libarba, wato duk wata ƙaramar bindiga ta riƙewa da hannu ɗaya, komai ƙanƙantarta, ko da ta gargajiya ce. Sannan dokar ta rufe ƙofa da cewa duk bindigar da ba a ambata a sauran kashi biyun ba, ta faɗa nan. Sashe na 3 ya ce babu mai riƙe ɗaya daga cikinsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, shi ma bisa ganin damarsa.

Kashi na biyu shi ne bindigogin da mutum zai iya mallaka don amfanin kansa. Su ne bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake karya ta a tsakiya a sa harsashi da hannu, sai bindigar farauta mai dogon zango wadda faɗin bakinta ba na soja ba ne, sai bindigar iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bisa sashe na 4.

Kashi na uku shi ne wanda Bahaushe ya fi sani: adaka, bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Sashe na 5 ya bar tsarin lasisinta ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha tare da amincewar gwamna. Ita ce bindigar mafarauta da 'yan tauri da 'yan bindigar sarki a hawan salla, kuma saboda an saba da ganinta, da yawa na ɗauka ba ta bukatar takarda. Tana bukata a duk inda aka kafa wannan ƙa'ida.

Sashe na 6 ne ya fi muhimmanci ga mai neman lasisi, domin ya faɗa ƙarara cewa babu wanda lasisi ya zama haƙƙinsa. Ko mutum ya cika kowane sharaɗi, hukuma na iya cewa a'a. Akwai kuma waɗanda ba za a ba su ba sam: wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi ko wanda ba ya iya riƙe kansa, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Harsashi ma ba a sake shi ba, sai wanda lasisinsa ya ƙunsa. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ba lasisi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne, na kashi na biyu kuwa yana iya kaiwa shekara 5. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda masu gabatar da ƙara suka fi son amfani da ita, da ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin shekara 10 zuwa sama, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini. Tarar ta zama abin dariya a kuɗin yau, amma shekarun suna nan yadda suke.

## Inda famf-akshin ta maƙale

Bindigar da ta fi jawo ruɗu ita ce wadda aka fi sani da famf-akshin, mai hannun da ake zugewa baya a tura gaba ta ɗora sabon harsashi. Ita ce mutane suka fi ambata in ana maganar tsaron gida, ita ake gani a hannun 'yan sintiri da masu gadin manya, kuma akwai mutanen da ke riƙe da tsofaffin takardun lasisinta da 'yan sanda suka ba su.

Amma in aka koma ga rubutun dokar, kashi na biyu ya amince da bindigar harbin tsuntsu ne tare da togaciya: ban da mai sarrafa kanta, ban da mai rabin sarrafa kanta, ban kuma da duk wadda aka yi wa wata na'urar ɗora harsashi. Wannan togaciya ta ƙarshe ce ake kama famf-akshin da ita. A farkon 2018 Sufeto Janar na lokacin, Ibrahim Idris, ya ba kwamishinoni umarnin tattara haramtattun makamai daga hannun jama'a, kuma a jerin da rundunar ta fitar har da ita. Kafin nan, cikin 2017 kaɗai, Hukumar Kwastam ta kama irinta guda 2,671 a Legas a kamu huɗu, yawancinsu daga Turkiyya aka yo lodinsu.

Wato an daɗe ana tafiya da doka a gefe guda, aiki a gefe guda. Wanda ya karɓi lasisinta a da yana ganin yana kan daidai, jami'in da ya tare shi a shinge yana iya karanta masa jerin 2018. A irin wannan saɓani, mai bindigar ne ke kwana a caji ofis kafin a warware.

## Ta ƙugu: ƙofar da ba a buɗe ba

Abin da bidiyoyin Amurka ke koyarwa, ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye a fita da ita kasuwa ko ofis, ya tsaya ne a kan ginshiƙin da babu shi a nan. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya ambaci 'yancin jama'a na riƙe makami. A 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa wannan 'yanci ne na mutum a karan kansa, har da ajiye fistol a gida, a 2022 kuma ta faɗaɗa shi zuwa fita da ita waje don kare kai. Yau fiye da rabin jihohin Amurka ba sa ma neman takardar izini kafin baligi ya soke bindiga a ƙugu.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ba shi da sashe mai kama da wannan. Dokar 1959 kuma ba ta da wani lasisi na musamman na ɓoye bindiga a jiki, domin bindigar da za a iya ɓoyewar tana cikin haramtattu tun farko. Masu rubuta dokar har sun hango dabarar da wani zai yi: sun hana a yanke bakin bindigar harbin tsuntsu ya gaza inci 20. Doguwar bindiga ana ganinta daga nesa, gunduwa kuwa tana shigewa cikin babbar riga, kuma wannan ne ake gudu. Saboda haka farar hular da aka samu da fistol a aljihun mota ko a ƙarƙashin kaftani a kasuwar Terminus ta Jos, maganar girman harsashi ko ingancin ƙira ba ta taso ba. Tambayar da kotu za ta yi ita ce ina lasisin Shugaban Ƙasa.

## Lasisin da aka daina bayarwa, da gwamnonin da ba su da hurumi

Ko kashi na biyun ma, ƙofarsa a rufe take a aikace. Rundunar 'yan sanda ta sha nanata cewa ta dakatar da ba da sabon lasisi, kuma a Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake sanar da dakatarwar, da hujjar cewa makaman da ke yawo sun riga sun yi yawa.

Wannan ne ya sa kiraye-kirayen manya ke tsayawa a fatar baki. A Maris 2018, a wajen bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, Janar T. Y. Danjuma ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. Aminu Bello Masari ya yi irin wannan kira lokacin yana gwamnan Katsina. Wanda ya fi kowa yin nisa shi ne Bello Matawalle: a Yunin 2022 gwamnatinsa ta Zamfara ta sanar cewa za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar, don masu son mallakar bindiga su nema, ta kuma bukaci Kwamishinan 'Yan Sanda ya ba su lasisi. Kwamishinan ya amsa cewa takunkumin ba da lasisi yana nan, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, kuma ya ce gwamna ba shi da ikon ba da wannan umarni.

Ta fuskar doka, Irabor yana da madogara. Makamai da harsasai da abubuwan fashewa suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Gwamna ana kiransa shugaban tsaron jiharsa, amma ba zai iya halatta ko mai baki biyu ɗaya ba. Shi ya sa gwamnan Binuwai na lokacin, Samuel Ortom, da ya kafa rundunar sa-kai ta Binuwai a 2022, sai da ya nemi izinin Abuja don sama musu AK-47, bai kuma samu ba. Rotimi Akeredolu, lokacin yana gwamnan Ondo, ya yi irin wannan jayayya a kan rundunar tsaron jiha ta Amotekun. Filato ma tana da tata rundunar, Operation Rainbow, tun zamanin gwamna Jonah Jang, kuma ita ma makamin da za ta riƙe ba majalisar jiha ce ke yanke shi ba.

## Kare kai: iyakar da kotu ke dubawa

Sashe na 33 na kundin tsarin mulki ya tabbatar da 'yancin rayuwa, sannan ya yi togaciya: ba a ɗauka an tauye wa mutum wannan 'yanci ba in ya mutu sakamakon ƙarfin da ya zama dole, daidai gwargwado, wajen kare wani daga farmaki ko kare dukiya. Dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuffuka da ake aiki da shi a Arewa, ta fayyace wannan. Mutum na da damar kare jikinsa da na waninsa, da dukiyarsa da ta waninsa. Amma ba zai yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke bukata ba, kuma damar ba ta tasowa in akwai lokacin neman ɗaukin hukuma. Kisa ba ya halatta sai a inda ake tsoron mutuwa ko mummunan rauni ko fyaɗe ko sace mutum, ko irin su fashi da fasa gida da dare.

Kalmar "daidai gwargwado" ita ce wurin da shari'o'i ke karyewa. Misalin da aka fi tattaunawa a 'yan shekarun nan shi ne na Sunday Jackson, manomi daga Adamawa, wanda ya ce wani makiyayi ne ya kai masa hari da wuƙa a gona, ya ƙwace wuƙar ya kashe shi da ita. Babbar Kotun Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a Maris 2025, bisa fahimtar cewa da ya ƙwace makamin haɗarin ya kau, yana da damar gudu. Hukuncin ya sha suka daga lauyoyi da dama, kuma daga baya gwamnan Adamawa ya yi masa afuwa. Ko da wane ɓangare mutum ya tsaya, shari'ar ta nuna yadda kotu ke auna al'amari daƙiƙa bayan daƙiƙa: yaushe barazanar ta fara, yaushe ta ƙare, me aka yi bayan ta ƙare. Ɓarawon da ya juya baya yana tsallake katanga ba ɗaya yake da wanda ya tunkaro ɗakin yara da adda ba.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa. Laifin kisa daban, laifin mallaka daban. Mai gida na iya harbin ɗan fashi, kotu ta wanke shi daga kisa saboda kare kai ne, sannan ta ɗaure shi saboda bindigar ba ta da lasisi.

Masu kawo hujjar addini sukan ambaci hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Haka ne. Sai dai malaman fiƙihu da suka yi bayanin tunkuɗe mai kawo farmaki sun gindaya bi da bi: in tsawa za ta kore shi ba a kai ga duka, in duka zai isa ba a kai ga kisa, in ya gudu ba a bin sa a kashe. Akwai kuma hadisan da suka hana nuna wa ɗan'uwa makami, da wanda ya umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibiya ya riƙe tsininta. A kan wannan gaɓa, fiƙihu da Final Kod ba su yi nisa da juna ba.

## Hujjar masu cewa a sake, da ta masu cewa a riƙe

Masu son a sassauta suna farawa ne daga sashe na 14 na kundin tsarin mulki, wanda ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babbar manufar gwamnati. In gwamnati ta kasa, in ji su, ba adalci ba ne ta kuma ɗaure hannun wanda ake kashewa. Dokar ta hana mai bin doka ne kawai, ɗan bindiga bai taɓa neman lasisi ba. Suna da alƙaluma a hannu. Cibiyar binciken ƙananan makamai da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. A Yulin 2024 Kwastam ta sanar da kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a kwantena ɗaya a tashar Onne. Tunda makaman sun riga sun shigo, a cewarsu, gara a yi rajistar masu gaskiya a san su. A kan wannan tunani Sanata Ned Nwoko ya gabatar da ƙuduri a farkon 2024, mai neman a ba farar hula dama bayan shaidar likitoci da ta shugaban ƙaramar hukuma da basarake da baturen 'yan sandan yanki. Sukan kuma nuna Afirka ta Kudu, inda dokar 2000 ta yarda da lasisin bindiga don kare kai ga wanda ya kai shekara 21 ya kuma ci gwajin cancanta.

Masu adawa ba sa musun gazawar tsaron. Abin da suke cewa shi ne maganin zai fi cutar. Hujjarsu ta farko ta aiki ce: bindigar da doka za ta iya bayarwa ba ta kai ta maharan ba. Mai baki biyu harbi biyu take yi a sake ɗurawa, ƙwayoyinta na watsewa, ƙarfinta a kusa yake. Adaka harbi ɗaya ce, tana ƙin tashi in albarushi ya sha danshi, kuma ta maƙera takan fashe a hannun mai ita. AK-47 kuwa gidan harsashinta na cin 30, tana kuma kaiwa mita ɗaruruwa. In za a daidaita, sai a raba wa jama'a bindigar yaƙi, wanda ko masu goyon bayan da yawa ba su kai can ba.

Hujja ta biyu ita ce abin da bindiga ke yi a ranakun da ɓarawo bai zo ba, waɗanda su ne mafi yawa. A Amurka, inda ƙiyasin cibiyar Geneva ya nuna bindigogi sun fi mutane yawa, sama da mutum 48,000 ne suka mutu ta hanyar bindiga a 2021, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe. Faɗan miji da mata, rikicin gado, yaro mai wasa da abin da ya tsinta a ƙarƙashin katifa, duk bindiga na mayar da su gawa cikin daƙiƙa. Ta uku kuwa darasin Zamfara ne, inda masu nazari da dama ke ganin kashe-kashen da 'yan sa-kai suka yi ba shari'a sun taimaka wajen mayar da satar shanu yaƙin ramuwa.

Afirka ta Kudun da ake misali da ita ma kowa na jan ta ɓangarensa, domin tana da tsarin lasisi mai tsauri, tana kuma cikin ƙasashen da aka fi kisan kai a duniya. Alƙaluman wata ƙasa ba sa yanke wannan gardama su kaɗai.

Jos tana da nata nauyin da ba kowane gari ke da shi ba. Rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010 sun bar garin a rarrabe, unguwa ta san iyakarta. A irin wannan wuri, bindigar da wani ya saya don tsoron ɓarawo, maƙwabcinsa na tsallaken titi zai karanta ta a matsayin shirin yaƙi, shi ma ya nemi tasa. Masu goyon baya sukan amsa cewa hakan ya riga ya faru a ɓoye, tunda sojoji sun sha sanar da gano maƙerun bindiga a sassan jihar. Masu adawa kuma su ce halatta shi zai mayar da abin ɓoye gasar fili, a garin da yaran sara-suka ke ta'asa da wuƙa da gariyo tun ba su samu abin da ya fi haka ba.

## Yadda abin ke sauka a kan talaka

Mai gida a cikin tsohon gari yana da matsalar da mai gona a ƙauye ba shi da ita. A Gangare ko Dilimi, bango ɗaya ne ke raba ɗakin mutum da na maƙwabcinsa, ƙofa ta kwano ce ko ta katako, lungu kuma ba ya rabuwa da mai wucewa ko da tsakar dare. Harbin da aka yi cikin duhu da firgici ba ya tambayar wa ke bayan ƙofa, kuma mai shigowa gida a makare sau da yawa ɗan gidan ne. Ga kuma wani ƙulli da masu bindiga a ko'ina ke fama da shi: in an kulle ta a akwati an ware harsashi don yara, ba ta kusa lokacin da ake bukatarta, in kuma an bar ta a ɗure a gefen gado, tana kusa da kowa. Dokar ta ɗora wa mai lasisi alhakin adana ta, da sanar da hukuma in ta ɓace ko aka sace.

Lasisi na mutum ɗaya ne, a kan bindiga ɗaya. Ba a ara wa ƙane, ba a miƙa wa mai gadi, ba a sayarwa a bayan fage sai ga dillali mai rajista ko wanda ya nuna lasisin mallakarta. Ba a kuma gadonsa.  Gidaje da yawa na da tsohuwar mai baki biyu ta kaka a saman sif, takardarta ta daɗe da mutuwa tare da mai sunan, kuma ranar da aka zo binciken gida-gida bayan wani rikici, ɗan da ke zaune a gidan ne zai amsa tambaya.

Mafarauta da 'yan sintiri su suka fi shiga tsaka mai wuya. Katin ƙungiya ba lasisi ba ne, ko da basarake ko shugaban ƙaramar hukuma ne ya sa masa hannu. Tafiya da makami daga jiha zuwa jiha kuma tana da haɗarin da ya wuce na shingen 'yan sanda. A Maris 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan sintiri sun tare motar wasu matafiya 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano don salla, suka ga bindigogin farauta na gargajiya, aka yi musu ihun masu garkuwa, gungun mutane suka kashe 16 daga cikinsu. Babu abin da ya halatta wannan kisa, ko da takarda ko babu. Amma ya nuna yadda ake kallon baƙo mai bindiga a ƙasar da kowa ke a tsorace.

Abin da doka ta bari a buɗe ga kowa shi ne tsaron da ba na harbi ba: ƙofar unguwa da ake rufewa da dare, fitila, usur, sintirin da aka yi wa rajista yake aiki tare da ofishin 'yan sandan yanki, lambar wayar da ake ɗauka in an kira. Masu neman a saki lasisi za su ce waɗannan na maganin ɓarawon unguwa ne, ba sa tsayar da mahara talatin a kan babura, kuma a ƙauyukan Bokkos da Bassa da Mangu wannan magana tana da nauyi.

Sauyi, in zai zo, daga Abuja zai fito. A Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai, wadda ta ba cibiyar kula da irin waɗannan makamai da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa gindin zama, kuma alƙiblarta tattara makamai ce, ba rabawa ba. Sauran hanyoyin su ne Sufeto Janar ya janye dakatarwar lasisi, ko Majalisar Tarayya ta sake rubuta dokar 1959, ko a gyara kundin tsarin mulki a kafa 'yan sandan jihohi, wanda ke bukatar amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, wato 24 cikin 36. Ko wannan na ƙarshen ya tabbata, jami'an jiha zai ba makami. Matsayin farar hula mai son ajiye bindiga a gida zai ci gaba da zama a ƙarƙashin sashe na 3 zuwa na 6 na dokar 1959 har sai an taɓa su.